Malamin lissafi da Hausa a mutum ɗaya: Shin jami'o'i za su iya rushe katangar kimiyya da adabi?

A watan Oktoban 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar da cewa ɗaliban da ke neman karanta adabi da tarihi da harsuna a manyan makarantun Najeriya ba sai sun samu kiredit a lissafi ba kafin a ba su gurbi.

Sanarwar ta jawo ce-ce-ku-ce. Wasu sun yi maraba da ita saboda matasan da lissafi ya tokare wa hanya shekara da shekaru. Wasu kuma sun ce an ƙara wa katangar da ke tsakanin kimiyya da adabi tsawo ne kawai. Daga baya ma'aikatar ta fayyace cewa har yanzu wajibi ne kowane ɗalibi ya zauna jarrabawar lissafi da ta Turanci a ƙarshen sakandare.

Sai dai akwai wurin da wannan katanga ta fi yin ɓarna, kuma ba a cika maganarsa ba, wato wurin horar da malaman makaranta.

Matashin da ke son koyar da lissafi kuma yana da hannu a Hausa, ko budurwar da ke son kimiyyar halittu kuma tana son tarihi, da wuya su samu digirin malanta da zai haɗa musu biyun. Dole su ajiye ɗaya a bakin ƙofar jami'a. A ɗaya ɓangaren kuma, ga makarantun ƙauye da ke neman malamin da zai iya riƙe darasi fiye da ɗaya ruwa a jallo.

Inda katangar ke farawa

A yawancin sakandaren Najeriya, ranar da yaro ya shiga aji huɗu, wato SS1, ranar ake raba masa hanya. Akwai ajin kimiyya, wanda ɗalibai ke kira "sayins", da ajin "at" na masu adabi da tarihi da addini da harsuna, sai kuma ajin kasuwanci. A lokacin yaron bai wuce shekara 14 ko 15 ba.

Sau da yawa sakamakon aji uku ne ke yanke hukunci. Wanda ya yi ƙoƙari a lissafi a tura shi kimiyya ko da hankalinsa na wajen adabi, wanda ya gaza a tura shi "at" kamar an yi masa horo. Daga nan aka samo zaton da ya zauna a bakin iyaye da yawa, cewa ajin kimiyya na masu ƙwaƙwalwa ne, sauran azuzuwan kuma na waɗanda suka rage.

Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ita ke ɗora bulo na biyu. Kowane ɗalibi darussa huɗu yake rubutawa. Turanci dole ne, sauran ukun kuma sai sun dace da kwas ɗin da ya nema. Wanda ya cike fom da lissafi da adabi da tarihi zai tarar kwasa-kwasan da ke karɓar wannan haɗin ba su da yawa.

Ita ma Manufar Ilimi ta Ƙasa, wadda aka fara fitarwa a 1977, ta tanadi jami'o'i su ba fannonin kimiyya kashi 60 cikin 100 na guraben karatu, sauran fannoni kashi 40. An yi haka ne don ƙasa ta samu injiniyoyi da likitoci, amma lissafin ya ɗauka tun farko cewa kowane ɗalibi ɗan gida ɗaya ne cikin gidaje biyu.

Yadda ake horar da malami a yau

Malaman da, masu takardar "giredi tu", kowane darasi suke koyarwa a firamare, daga lissafi zuwa kiwon lafiya zuwa rubutun hannu. Ware malami ga darasi ɗaya ko biyu ya zo ne da bunƙasar sakandare.

Kwamitin Ashby ya miƙa rahotonsa kan ilimi mai zurfi a 1960, kuma daga shawarwarinsa aka samo manyan kwalejojin horar da malamai, ciki har da ta Zariya da aka buɗe a 1962, da takardar NCE. Jami'ar Najeriya da ke Nsukka ce ta fara digirin malanta a 1961, sauran jami'o'i suka biyo baya.

A yau NCE ce mafi ƙarancin takardar koyarwa a Najeriya. Karatun shekara uku ne a ƙarƙashin kulawar hukumar NCCE da aka kafa a 1989. Yawancin ɗalibanta darussan koyarwa biyu suke ɗauka, ban da darussan sanin makamar koyarwa da gwajin koyarwa a aji.

Haɗe-haɗen da aka fi sani 'yan gida ɗaya ne: lissafi da fiziks, kimiyyar halittu da ta sinadarai, Hausa da Turanci, Larabci da addinin Musulunci. Akwai 'yan kaɗan da ke leƙa maƙwabta, kamar lissafi da tattalin arziki, ko lissafi da labarin ƙasa, ko kimiyyar halittu da labarin ƙasa.

A jami'a ƙofar ta fi ƙunci. Sunan digirin ma ya riga ya raba gari: B.Sc. Ed na masu kimiyya, B.A. Ed na masu adabi da harsuna. Ɗalibi kan ɗauki darasi ɗaya, ko babba da ƙarami, kuma galibi daga ɓangare guda. Wanda ya yi digiri a wani fanni daban ya ga yana son malanta, sai ya yi difilomar PGDE, sannan ya yi rajista da hukumar TRCN, wadda aka kafa a 1993.

Lissafin makarantar ƙauye

A ɗauki misalin ƙaramar sakandare mai aji ɗaiɗai daga JSS1 zuwa SS3, irin waɗanda ke warwatse a ƙananan hukumomin Arewa. Fiziks a azuzuwa uku na sama kawai ake yin sa. In kowane aji yana da darasi huɗu a mako, jimilla 12 ke nan. Malamin da bai iya komai ba sai fiziks zai yini a ofishin malamai rabin mako.

Ma'aikatar ilimi ta jiha na da zaɓi biyu: ta tura cikakken malami don darasi 12, ko ta bar shi a babbar makarantar birni mai azuzuwa da yawa. Zaɓi na biyun ne ya fi faruwa, musamman da yake malaman fiziks da lissafi ba su wadata ba, kuma da yawansu ba sa son zaman ƙauye.

Abin da ke biyo baya sananne ne ga duk wanda ya yi karatu a irin wannan makaranta. Shugaban makaranta zai duba malaman da yake da su ya raba musu abin da ya rage. Malamin aikin gona ya karɓi kimiyyar sinadarai, malamin addini ya riƙe Hausa, na tattalin arziki ya shiga ajin lissafi. Da babu gara ba daɗi. Wani lokacin ɗan bautar ƙasa ne ke toshe giɓin, bayan shekara ɗaya ya ɗauki jakarsa ya tafi.

Ke nan koyar da darussa daga ɓangarori biyu abu ne da ake yi kullum a makarantun gwamnati, sai dai ana yin sa ne babu horo. Masu ra'ayin haɗa fannonin a digiri ɗaya na cewa tunda ba makawa malamin ƙauye sai ya riƙe darasi biyu, gara a koya masa biyun tun daga jami'a.

Ƙarancin malamai ba na Najeriya kaɗai ba ne. Rahoton hukumar UNESCO na 2024 ya ƙiyasta cewa duniya na buƙatar ƙarin malaman firamare da sakandare miliyan 44 kafin 2030, kuma miliyan 15 daga ciki a ƙasashen Afirka kudu da Sahara ake buƙatar su.

Darussan da ba sa zama a gida ɗaya

Ban da ƙarancin ma'aikata, akwai hujja ta ilimi. Abubuwa da yawa da ake koyarwa a aji ba sa fahimtuwa daga ɓangare guda.

Rabon gado misali ne na kusa. A ce mutum ya rasu ya bar naira miliyan 2 da dubu 400 bayan an biya bashi da wasiyya, magadansa kuma matarsa da mahaifiyarsa da 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya. Matar na da sumuni, wato ɗaya bisa takwas, naira 300,000. Uwar na da sudusi, ɗaya bisa shida, naira 400,000. Ragowar miliyan 1 da dubu 700 za a kasa biyar, kowane namiji ya ɗauki kaso biyu, naira 680,000, macen ta ɗauki ɗaya, naira 340,000.

Malamin addinin da ke tsoron lissafi zai karanta wa ɗalibai hukuncin ya wuce. Malamin lissafin da bai san fiƙihu ba kuma zai koyar da kason lamba da misalin lemo da burodi, alhali ga misalin da kowane yaro ya taɓa jin ana magana a kansa a gidansu. Shi kansa littafin al-Khwarizmi na ƙarni na 9, wanda daga sunansa aka samo kalmar aljebra, wani babban sashensa a kan lissafin gado da wasiyya yake.

Haka karofin Ƙofar Mata a Kano, wanda ake danganta kafuwarsa da shekarar 1498. Marini na haɗa baba da toka da ruwa ya bari su ruɓa na kwanaki. Idan ya tsamo zane daga rijiyar, launinsa kore-kore yake fitowa, sai iska ta buge shi ya koma shuɗi. Wannan darasin kimiyyar sinadarai ne cikakke, kuma a lokaci guda darasin tarihi ne na fataucin da ya kai tufafin Kano har ƙetaren Sahara.

Akwai misalai masu ɗaci. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara inda ake niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje. Sanin illar dalma aikin kimiyya ne. Sanin dalilin da ya sa magidanci ke kawo dutsen cikin gida, da irin kalaman da za su sa ya daina, aikin mai sanin tattalin arziki da harshe da al'ada ne.

A 2003 wasu jihohin Arewa sun dakatar da rigakafin shan inna saboda zargi da rashin yarda. Ba da bayanin ɗakin gwaji kaɗai aka shawo kan lamarin ba, sai da sarakuna da malaman addini suka shiga. Sai a watan Agustan 2020 aka ayyana cewa an kawar da ƙwayar cutar ta asali daga Najeriya da nahiyar Afirka. Malamin kimiyyar halittun da ya san wannan tarihin, ba zai koyar da darasin rigakafi kamar wanda bai sani ba.

Batun harshe

Inda rabuwar ta fi fitowa fili a Arewa shi ne harshen koyarwa. Yaro da yawa na shiga ajin kimiyya da Turancin da bai kai ya fahimci tambaya ba, balle amsa. Malami kan rubuta da Turanci a allo, ya juya ya yi bayani da Hausa. Amma ba a taɓa koya masa yadda ake bayanin kimiyya da Hausa ba, don haka kowa da irin fassararsa.

Shi kuma wanda ya karanta Hausa a jami'a ya san nahawu da ƙirar kalma da dabarun fassara, amma rabonsa da kimiyya tun aji uku na sakandare. Mai harshen ba shi da ilimin, mai ilimin ba shi da harshen.

Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara darussan firamare da Yarbanci na shekara shida, ya nuna cewa ana iya koyar da lissafi da kimiyya da harshen gida ba tare da yara sun koma baya ba. Sai dai kafin a fara, sai da aka zaunar da masana harshe da malaman kimiyya wuri ɗaya suka ƙirƙiro kalmomi suka rubuta littattafai.

A Nuwamban 2022 gwamnatin tarayya ta amince da koyarwa da harshen uwa a shekaru shida na firamare. Bayan shekara uku, a Nuwamban 2025, Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke manufar da komawa Turanci. Ko wane ɓangare mutum yake a wannan muhawara, abu ɗaya a fili yake: tsarin horar da malamai bai taɓa yaye isassun mutanen da suka ƙware a kimiyya da harshen gida a lokaci guda ba.

Malaman da ba su san katangar ba

A tarihin ilimi na ƙasar Hausa wannan rabuwa baƙuwa ce. Muhammad ibn Muhammad al-Kashinawi, malamin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, masanin addini ne kuma masanin lissafi da taurari. Rubutunsa kan hatimin lambobi, inda kowane layi ke ba da jimilla ɗaya, har yau masu tarihin lissafi na ambaton sa.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya yi rubutu kan tarihi da mulki da fiƙihu, ya kuma yi kan magunguna da cututtuka. A zauren malamai, hisabi da ilimin taurari na cikin fannonin da almajiri mai zurfi ke karanta tare da nahawu da lugga.

Ko a zamanin boko akwai misali. Abubakar Imam, wanda ya fito daga Kwalejin Katsina ya yi malanta kafin ya shahara da Magana Jari Ce da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, shi ne kuma ya haɗa hannu da Rupert East suka rubuta Ikon Allah a ƙarshen shekarun 1940, littafin da ya yi bayanin halittu da yanayin duniya da Hausa. Gwanin labari ne ya zauna ya rubuta kimiyya, kuma ɗalibai sun daɗe suna karanta shi.

Su ma Turawan da aka gaji tsarin daga wurinsu sun daɗe da kokawa. A 1959 C.P. Snow, masanin kimiyya kuma marubucin ƙagaggun labarai, ya gabatar da wata lacca a Jami'ar Cambridge inda ya koka cewa masu ilimin Ingila sun rabu gida biyu da ba sa fahimtar juna, ya kuma ɗora alhakin a kan tsarin karatun da ke sa yaro ware fanni tun yana ƙarami.

Yadda wasu ƙasashe suka yi

A Jamus, mai son koyarwa a sakandare darussa biyu yake karantawa a jami'a. Kowace daga jihohin ƙasar 16 na da nata ƙa'idoji kan haɗin da ta yarda da shi, amma ba abin mamaki ba ne a ga malamin lissafi da Jamusanci, ko na kimiyyar halittu da Turanci. Karatun kan kai shekara biyar, sannan a yi horon koyarwa a makaranta na shekara ɗaya da rabi zuwa biyu a yawancin jihohi.

A Finland digiri na biyu ake buƙata kafin a zama malamin firamare ko sakandare. Manhajar da ta fara aiki a 2016 ta wajabta wa makarantu su shirya wa ɗalibai aƙalla zango ɗaya a shekara da za a ɗauki maudu'i guda a duba shi ta fuskar darussa daban-daban.

Indiya, wadda ita ma ta gaji rabuwar daga Ingila, ta fitar da sabuwar manufar ilimi a 2020 da ta ce kada a yi tsattsauran rabuwa tsakanin kimiyya da adabi. Manufar ta kuma tanadi cewa kafin 2030 digirin malanta na shekara huɗu, mai haɗa fanni da sanin makamar koyarwa, shi zai zama mafi ƙarancin takardar koyarwa.

A Landan, jami'ar UCL ta buɗe digirin haɗin kimiyya da adabi a 2012, inda ɗalibi ke ɗaukar babban fanni daga ɓangare ɗaya, ƙarami daga ɗayan.

A maƙwabciya Nijar, wadda ke bin tsarin Faransa, malami ɗaya ke riƙe tarihi da labarin ƙasa, wani kuma fiziks da sinadarai. Amma can ma katangar na nan, domin jarrabawar BAC ta kasu zuwa rukunin A na adabi da rukunan C da D na kimiyya.

Taura biyu

Masu adawa da haɗin na da hujjoji masu ƙarfi, kuma ta farko ita ce zurfi. Bahaushe ya ce taura biyu ba ta taunuwa.

Digirin shekara huɗu a Najeriya na buƙatar aƙalla kiredit 120. Darussan sanin makamar koyarwa da na gama-gari da gwajin koyarwa na cinye wani kaso mai kauri. In aka raba abin da ya rage gida biyu, akwai tsoron a yaye malamin da ya ɗanɗana komai bai ƙoshi da komai ba. Ɗan SS3 da ke fuskantar WAEC ko NECO yana buƙatar malamin da ya san fiziks ciki da bai.

A 1986 masanin ilimi na Amurka Lee Shulman ya ja hankali cewa sanin darasi daban, sanin yadda ake koyar da wannan darasin daban. Inda yara ke tuntuɓe a lissafi ba nan suke tuntuɓe a adabi ba. Ke nan mai darussa biyu daga ɓangarori biyu dabarun koyarwa iri biyu zai koya.

Najeriya kuma na fama da matsalar inganci tun kafin a zo nan. A 2017 gwamnatin Kaduna ta ce malaman firamare 21,780 daga cikin kimanin 33,000 sun faɗi jarrabawar da aka tsara a matakin aji huɗu. Masu adawa na cewa tsarin da bai gama ƙware wa malami darasi ɗaya ba, ba shi da hurumin ƙara masa na biyu.

Sannan ba kowane haɗi ne mai yiwuwa ba. Fiziks ba ya tafiya sai da lissafi, don haka mai fiziks da tarihi a haƙiƙa darussa uku ya ɗauko. Kimiyyar sinadarai na cin sa'o'i a ɗakin gwaji, kuma jadawalin tsangayar kimiyya ba ya la'akari da na tsangayar adabi. Lissafi da harshe sun fi sauƙin haɗuwa tunda ba mai buƙatar ɗakin gwaji a cikinsu.

Akwai kuma tsoron malamai kansu, cewa gwamnatocin jihohi za su mayar da mai darussa biyu hanyar tsimin kuɗi, a ɗora masa aikin mutum biyu da albashin mutum ɗaya. A ranar malamai ta 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alƙawarin albashi na musamman da alawus na malaman kimiyya da na karkara. An sa hannu kan dokar ƙara shekarun ritaya zuwa 65 a 2022, amma ƙungiyar malamai ta NUT ta sha kokawa kan sauran alƙawuran.

Ƙofofin da ke buɗe

Duk da haka, akwai sauye-sauye biyu da suka sa gwada haɗin ya fi sauƙi a yau.

Na farko shi ne manhajar CCMAS da hukumar jami'o'i ta NUC ta ƙaddamar a Disamban 2022. Hukumar ce ke tsara kashi 70 cikin 100 na abin da za a koyar, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da yankinta. A digiri mai kiredit 120, wannan ya kama 36. Jami'ar da ta ga dama za ta iya ware wani ɓangare na wannan fili ga ƙaramin darasi daga ɗaya ɓangaren, misali Hausa da fassara ga mai karanta koyar da kimiyyar halittu, ko lissafi da ƙididdiga ga mai karanta koyar da addini.

Na biyu shi ne dokar 2023 da ta ba kwalejojin ilimi na tarayya damar bayar da digiri tare da NCE. Kwalejojin sun shafe shekaru fiye da 60 suna tafiyar da tsarin darussa biyu, kuma makarantunsu na kimiyya da na harsuna a harabar guda suke.

Tsarin da ya fi kauce wa matsalar zurfi shi ne na babba da ƙarami: darasi ɗaya da malami zai iya koyarwa har SS3, da na biyu da zai riƙe zuwa JSS3. Amma wannan ba zai yi amfani ba sai JAMB ta buɗe haɗin a kundinta, takardar digirin ta ambaci darussan biyu, hukumomin ɗaukar malamai na jihohi su san da shi, kuma a ƙayyade yawan darussan da za a ɗora wa malami a mako.

Abin da ɗalibi zai iya yi yanzu

Kafin manyan su gama shawara, ɗalibin da ke son ɓangarorin biyu yana da 'yan hanyoyi.

Tun a SS1, ɗan ajin kimiyya na iya riƙe Hausa ko addini ko labarin ƙasa ko tattalin arziki a cikin darussan da zai rubuta a jarrabawar ƙarshe. Ɗan ajin "at" kuma kada sanarwar 2025 ta sa ya yi watsi da lissafi, domin kiredit ɗin ne ke buɗe masa tattalin arziki da sauran fannonin zamantakewa, kuma malamin firamare ko ya so ko ya ƙi sai ya koyar da shi.

Wanda ya riga ya gama sakandare ya rasa wani darasi, yana iya rubuta jarrabawar WAEC ko NECO ta masu zaman kansu ya cike, tare da tuna cewa yawancin makarantu ba sa karɓar sakamakon da ya wuce zama biyu.

Kafin cike fom, a duba kundin JAMB na shekarar, domin haɗe-haɗen NCE sun bambanta daga kwaleji zuwa kwaleji. Mai NCE da sakamako mai kyau na iya shiga jami'a kai tsaye a aji biyu ya ƙarasa digiri cikin shekara uku, ya zurfafa a darasi ɗaya alhali takardarsa ta farko na shaida masa na biyun.

Wanda ke cikin jami'a kuma ya tambayi sashensa ko an yarda ya ɗauki darussan zaɓi daga wata tsangaya, ya kuma tabbatar sun shiga takardar sakamakonsa. Ranar da shugaban makaranta zai rasa malamin Hausa ko na lissafi, wannan takardar ce za ta nuna wa ya cancanci shiga ajin.